Hutun kwana biyar a Zanzibar: Nungwi ko Paje?

Abu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Zanzibar. Zan samu hutun kwana biyar a wurin aiki cikin watan Afrilu, ina so in kai uwargida bakin teku, mu biyu kawai, yara za su zauna wajen kakarsu. Ba ta taɓa ganin teku da idonta ba. Ga abin da na tsara: kwana ɗaya a Stone Town, wato tsohon birnin Zanzibar, biyu a Paje, biyu a Nungwi, garuruwa biyu na bakin teku, mu leƙa dajin Jozani da tsibirin nan mai manyan kunkuru, in lokaci ya bari mu tsallaka Dar es Salaam a jirgin ruwa. Wani ejan ya ce in biya kuɗin tikiti cikin makon nan kafin farashi ya tashi. In biya?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam. Kada ka biya ko sisi tukuna. Fasfo ɗin Najeriya gare ku? In haka ne, ba kwa cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi. Tanzaniya ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da sai hukumar shige da fice ta duba takardun mutum ta amince kafin ya taso, ita ake kira bizar rifaral. Hukumar da kanta ta ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kuma kada a sayi tikiti ko a biya otal sai amincewar ta fito. Ka koma wajen ejan ɗin ka tambaye shi maganar biza, daga amsarsa za ka gane ko ya san hanyar. Sauri ya haifi nawa.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma na Nijar muna cikin jerin, da Cadi da Mali. Wasu na zaton Zanzibar ƙasa ce daban mai bizarta. Tun 1964 ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, don haka biza ɗaya ce. Amma tana da gwamnatinta da wasu dokokinta. Misali tun 1 ga Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga tsibirin sai ya sayi inshorar tafiya ta kamfanin inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ta intanet ake saye. Ku biyu dala 88 ke nan, ka sa a lissafi. Katin rigakafin cutar shawara ma ku riƙe shi a hannu.

Maman Sadiq:
Ƙanena, ko da biza ta fito gobe, Afrilu ba watan zuwa ba ne. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, daga tsakiyar Maris take kamawa har ƙarshen Mayu, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ne da kan wuni yana zuba, teku ya yi duhu, masu kwalekwale su ƙi fita. Wasu otal-otal ma rufewa suke yi su yi gyara. Shi ya sa za ka ga farashi ya karye a lokacin. Mai sati biyu zai iya samun ranaku masu rana a ciki, amma kai da kwana biyar ne jarinka, in ruwa ya cinye uku me ya rage? Daga Yuni zuwa Oktoba ne rani mai sanyi-sanyi. Nuwamba zuwa farkon Disamba akwai ƙaramar damina. Janairu da Fabrairu babu ruwa sosai amma akwai zafi da gumi.

Abu Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Hutun zan iya ɗaga shi, ogana ba zai hana ba. To yanzu sai maganar wurin sauka.

Yaya Sani:
Aiki ya zaunar da ni a Dar es Salaam, ina yawan tsallakawa tsibirin, don haka bari in yi maka bayani da ɗan tsawo.

Da farko tsarin nan naka ya yi yawa. Lissafa: daga Kano Ethiopian Airlines za ka bi ta Adis Ababa, ko Qatar Airways ta Doha. Kowanne ka ɗauka, zuwa zai ci maka kusan yini da wani ɓangare na dare, dawowa ma haka. Agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. Kwana biyar ɗinka sun koma dare huɗu a ƙasa. Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi kusan kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi a mota. Zuwa Paje kamar awa ɗaya. Daga Paje zuwa Nungwi kuwa kusan awa biyu, don ɗaya na kudu maso gabas, ɗaya na can ƙuryar arewa. Duk sauya otal yana cin rabin yini, tsakanin haɗa kaya, jiran mota da jiran a ba ka ɗaki. Dar es Salaam ma ka cire ta gaba ɗaya, kusan awa biyu ce a jirgin ruwa kowace tafiya, kuma gari ne na cunkoso da kasuwanci, ba shi ka zo nema ba. Bakin teku ɗaya za ka zaɓa ka zauna.

Abin da zai raba maka gardama tsakanin biyun shi ne cikowar ruwa da janyewarsa. Mu mutanen tudu ba mu saba da wannan ba. Sau biyu a yini da dare teku yana cikowa, sau biyu yana ja da baya, kusan awa shida tsakanin kowanne, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50. A gabar gabas, wato Paje da Jambiani da Bwejuu, ƙasan ruwan shimfiɗaɗɗe ne har zuwa inda duwatsun murjani suka tare igiyar ruwa. In ruwa ya janye sai ka hango shi can nesa, wani wurin kusan kilomita guda, gabanka sai jiƙaƙƙen yashi da 'yan kududdufai kamar fadamar da ta fara ƙafewa bayan damina. Mutum zai iya biyan otal mai tsada ya fito da hantsi ya tarar babu ruwan shiga sai la'asar. A Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa gabar tana da gangara, ruwa bai cika nisa ba, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Ga shi kuma ɓangaren yammacin Nungwi yana kallon faɗuwar rana. Ga wanda lokacinsa kaɗan ne, Nungwi nake ba da shawara.

Anti Rabi:
Yaya Sani, bayaninka gaskiya ne amma da idon namiji ka kalli abin. Kai tunaninka iyo. Matar da ba ta taɓa ganin teku ba, iyo za ta yi? Ni janyewar ruwan nan ce ta fi burge ni a Jambiani. Na taka da ƙafata cikin teku da nisa, ruwa iya idon sawu, da hijabina, babu tsoron igiya. Na iske matan ƙauyen suna aikin gonakinsu na ciyawar teku, sun kakkafa turaku sun ɗaura igiyoyi, suna tsinka suna tarawa a buhu su kai tudu su shanya. Tun 1989 aka fara noman nan a can, yawancinsa a hannun mata yake, da shi suke biyan kuɗin makarantar yara. Musulmi ne, sanye da zannuwansu na kanga, ka yi musu sallama su amsa da fara'a. Nungwi kuwa otal ne jikin otal, Turawa kwance a yashi kusan tsirara, ga masu talla suna bin mutum. Matar Bahaushe za ta sake a nan?

Yaya Sani:
Anti, ban musa ba. Tsakiyar Nungwi akwai cunkoso, akwai mashaya. Amma Paje ma ba ta tsira ba, ita ce matattarar samarin Turai masu wasan nan da iska ke jan mutum a kan ruwa da babbar lema, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin iskar kudu da suke kira kusi. Jambiani da kika sauka ta fi ta natsuwa nesa ba kusa ba. In natsuwa ce a gaba, Jambiani ko Matemwe da ke gabar arewa maso gabas. In ganin ruwa shuɗi cike a ƙofar ɗaki ne daga asuba zuwa magariba, Nungwi.

Anti Rabi:
Kuma dajin Jozani da ya ambata a kan hanyar Paje da Jambiani yake. Tsayawa kawai za su yi a hanya su ga jajayen biran nan da babu irinsu sai a Zanzibar, su wuce. Daga Nungwi kuwa sai sun ware masa yini.

Malam Isa:
Ni tambayata daban ce, kuma don Allah kada a ɗauka da zafi. Kuɗin da za a kashe a tafiyar nan, tikitin mutum biyu da otal da biza da inshora, in aka ɗan ƙara ba zai kai ku Umara ba? Mutum ya ɗauki iyalinsa ya kai ta inda ido zai ga abin da bai kamata ba, a lokacin da maƙwabta ke fama da abin sawa a tukunya. Ina jin nauyin abin a raina.

Maman Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da muhalli, amma a duba ɗaya gefen. Mace ta shekara goma tana tsakanin murhu da wanki da rainon yara, ba ta taɓa kwana biyu ba tare da wani ya kira sunanta yana neman abu ba. Mijinta ya tara halalinsa ya ce zai kai ta ta huta, ta ga ikon Allah. Wannan kyautata wa iyali ne. Mazanmu da yawa suna zuwa Dubai da Alƙahira da Guangzhou su kaɗai, babu mai tambayarsu. Ranar da ɗaya ya tuna da matarsa bai kamata mu sanyaya masa gwiwa ba. Kuma ba ƙasar da ba a san salla ba zai kai ta. Mutanen Zanzibar kusan dukkansu Musulmi ne, kiran salla za ta riƙa ji daga ɗakinta.

Abu Hanifa:
Malam, na gode da tunatarwa, kuma na karɓa. Alhamdu lillahi mun sauke farali ni da ita. Ba bashi zan ci ba, kuma haƙƙin da ke kaina na 'yan uwa ban tauye shi don wannan ba. Maganar kare ido ita ce ta sa nake ta tambayar wurin sauka.

Malam Isa:
To madalla, hankalina ya kwanta. Tunda haka ne bari in ba da tawa gudummawar. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Dare uku a gari ɗaya bai yanke muku hukuncin tafiya ba. Amma in ka bi limamin gari, cikawa za ka yi tare da shi. Yawancin mutanen can Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, a Asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Kada ya dame ka, ka bi shi. Akwai kuma masallatan Ibadawa, gadon Larabawan Oman da suka mulki tsibirin. Abincin teku kuwa duk halal ne a wurinmu. Nama ne za ka tambaya a manyan otal-otal na Turawa, don wasu suna dafa alade a madafa ɗaya.

Yaya Sani:
Dangane da kare ido, akwai dabara. Kada ka kama ɗaki a tsakiyar Nungwi inda gidajen abinci suka jeru. Ka nemi ƙaramin otal a gefe, ka rubuta musu kafin ka biya ka tambaya: kuna da mashaya? Ana kiɗa da dare? Masallaci na kusa? Akwai masaukai na 'yan ƙasa da ba sa sayar da giya. Sannan ku riƙa fita bakin ruwa bayan sallar Asuba, lokacin Turawa na barci, sai masunta da ke dawowa da kifi. Ku taka har wajen da ake sassaƙa jiragen ruwa na katako, sana'ar da aka san Nungwi da ita tun kaka da kakanni. Da hannu suke yi, da gizago da kurfi. Kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa kuma akwai wani tafki da ake kula da kunkurun teku. Kendwa tana da yashi mai faɗi da kyau, amma ana babban casu a can duk lokacin cikar wata, ku kauce wa waɗannan kwanakin. A cikin gari da ƙauyuka kuwa tun 2021 gwamnati ta gargaɗi baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa, har da barazanar tara.

Ɗan Maraɗi:
Tunda an ambaci wata, ga abin da zai yi maka amfani ko ina ka zaɓa. Cikowa da janyewar ruwa da wata suke tafiya. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwa ya fi cika ƙwarai, ya kuma fi janyewa ƙwarai. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu bambancin kaɗan ne. Kalandar Musulunci da ke bangon ɗakinka ta ishe ka fara lissafi, sannan ka duba jadawalin ruwan Zanzibar a intanet na ranakun da ka tsayar.

Dakta Umar:
Abu ɗaya ne ban ga an taɓo ba, kuma shi ya fi damuna. Mu 'yan Arewa yawancinmu ba mu iya ruwa ba. Wanda ya yi wanka a kududdufi ko dam yana yaro kada ya ɗauka ya iya teku. Za a yi ta yi muku tallan fita a kwalekwale, zuwa wajen tsibirin Mnemba kallon kifi, ko yawon faɗuwar rana. Kada ƙafarku ta taka jirgi sai an ba kowa rigar kariya daga nutsewa, kuma ku ɗaura ta tun daga gaɓa. In kun ga an cika mutane fiye da kima ku fasa, ko da kun biya. A Satumban 2011 jirgin Spice Islander ya kife a tekun da ke arewa da Nungwi a hanyarsa ta zuwa tsibirin Pemba saboda lodi ya yi masa yawa, rayuka masu yawa suka salwanta. Uwargida kada ta shiga ruwa mai zurfi da doguwar abaya ko babban hijabi, in ya jiƙe yana nauyi yana naɗe ƙafa. A ɗinka mata riga da wando na yadi mara shan ruwa da ƙaramin hijabi. Ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa, domin akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi a ƙasan ruwa, in aka taka ta ƙayar kan karye a cikin nama. In kuna tafiya a yashi lokacin janyewa ku san lokacin dawowar ruwan, yana cikowa da sauri. Ku kwana cikin gidan sauro, ruwan gora kawai za ku sha.

Injiniya Bello:
Maganar kuɗi. Shilin na Tanzaniya ake kashewa, kuma tun 2025 doka ta ƙara matsawa cewa ciniki a cikin ƙasa da shilin za a yi. Ka tafi da dala sababbi, masu tsabta, don tsofaffin bugu da masu yagewa ba sa karɓuwa, ka canza a filin jirgi ko Stone Town kafin ku wuce ƙauye. Kada ka dogara da katin naira kaɗai. Otal na karɓar harajin gwamnati na kowane dare a kan kowane mutum, ka tambaya ko yana cikin farashin da suka faɗa maka. Motar da za ta ɗauke ku daga filin jirgi ku gama ciniki tun kuna gida ta hannun otal. Akwai daladala, motocin haya masu araha, amma ba na wanda ya sauka da akwati da iyali ba ne. Kuma a faɗa wa Hajiya kada ta ƙulle kaya a baƙar leda, tun Yunin 2019 aka haramta ta a Tanzaniya.

Anti Rabi:
Duk inda kuka sauka dai kada ku yar da daren Stone Town, shi kam na yarda da shi a tsarinka. Lunguna ne ƙanana da mota ba ta shiga, gidajen dutse masu ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa da ƙusoshin tagulla. A 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ku je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina coci a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, duk wanda ya shiga jikinsa sai ya yi sanyi. Babban gidan sarauta na Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883 wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, daga waje za ku gan shi. Da safe kasuwar Darajani, a nan za ta sayi kanumfari da kirfa da masoro na tsaraba, sun fi na shagunan baƙi araha. Bayan magariba kuma lambun Forodhani a bakin ruwa, ana gasa kifi da jatan lande, ga ruwan rake da citta da lemun tsami, ga wani romo mai tsami da dankali a ciki da suke kira urojo. Ku tambayi farashi kafin a zuba muku, kuma ku zaɓi wanda aka gasa a gabanku.

Yaya Sani:
Tsibirin kunkurun da ka ce, Changuu, daga nan Stone Town ake tashi, kamar rabin awa a kwalekwale. Kunkurun daga Seychelles aka kawo kakanninsu a 1919. In jirginku na dawowa da yamma ne, safiyar ranar ta isa. Shi ya sa na fi son ku fara da bakin teku ku ƙare da gari, don Stone Town ba ta da nisa da filin jirgi, ba za ku yi gudun awa ɗaya da rabi da fargabar makara ba.

Abu Hanifa:
Na karanta mata duk abin da kuka rubuta, na ce ita za ta zaɓa. Ta ce tana so ta buɗe taga ta ga ruwa cike, kuma tana so ta ga rana na faɗawa cikin teku, don haka Nungwi ta ɗauka, amma a gefe inda babu hayaniya. Anti Rabi, ta ce in gaya miki matan ciyawar teku sun shiga ranta, in Allah ya sake ba da iko Jambiani za mu nufa. Mun tsayar da ƙarshen Satumba: dare uku a Nungwi, ɗaya a Stone Town. Jozani da Dar es Salaam na cire su. Biza zan fara nema, tikiti sai ta fito.

Injiniya Bello:
Kafin ka cike takardar bizar, buɗe fasfo ɗinku duka biyu ka duba ranar ƙarewa. Dole ya rage aƙalla wata shida daga ranar da za ku shiga ƙasar.

Abu Hanifa:
Na duba yanzu. Nawa da saura, nata a Disamba zai ƙare. Ranar Litinin in sha Allahu za mu je ofishin fasfo a fara sabunta shi. Yaya Sani, zan yi maka magana ta gefe kan masaukan da ba sa sayar da giya.